Jan Mai Da Sandar Geji: Me Ke Kashe Giyar Otomatik A Hanyoyin Gusau, Tsafe Da Bungudu?

Shekaru da dama, a-kori-kurar da mutanen Zamfara suka sani ita ce Fijo 404 da ƙanwarta 504. Su ne ke kwaso auduga da gyaɗa daga ƙauyuka zuwa Gusau tun ana ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato, kuma kowane yaron gareji ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Yau Toyota Hilux ce ta gaji wannan aiki, tare da Ford Ranger da Mitsubishi L200, da kuma irin su Tacoma da Nissan Frontier da ake shigowa da su na hannu daga Amurka ta Legas da Kwatano. Da yawa daga cikin waɗannan motoci giyar otomatik gare su. Tun da suka yawaita, wani hukunci ya zauna a bakin direbobi da masu motoci, daga Tashar Magami har Lalan: otomatik motar gari ce, ba ta jure lodi, ba ta jure rairayi, kuma ranar da ta kwanta sai dai a aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo wata giyar. Hukuncin yana da ƙamshin gaskiya, domin giyoyin suna mutuwa, kuma gyaransu yana cin kuɗi. Sai dai an ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Lodi da rairayi suna wahalar da giyar otomatik, amma abin da ke yanke mata kwana shi ne halin da man cikinta yake, da yadda ake duba shi, da abin da ake zuba mata da sunan ciko.

Matsalar ta faro ne tun daga suna. A gareji ana cewa "man giya" ga abubuwa biyu da ba su haɗa komai ba. A giyar manuwal, man giya shi ne mai kaurin nan mai warin ƙibiritu, aikinsa kawai ya shafe haƙoran ƙarfe kada su ci juna. Ko ya ragu kaɗan, ko ya tsufa, motar za ta ci gaba da tafiya tana ƙara, ta ba mai ita watanni na gargaɗi. Wanda ya koyi aiki a kan Fijo ya tashi da wannan fahimta, cewa man giya abu ne da ake tunawa da shi jefi-jefi. A giyar otomatik kuwa, jan man nan da ake rubuta wa ATF a jikin roba shi ne ke tafiyar da motar. Tsakanin inji da giya babu kulocin da direba ke takawa. Akwai wata rufaffiyar ƙwarya ta ƙarfe da kanikawa ke kira kwanbata, a cikinta fanka biyu na fuskantar juna, inji ya juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai a kan ɗayar har ta juya. Ƙarfin inji gaba ɗaya ta cikin man yake ratsawa kafin ya isa taya. Man nan dai shi ne famfon giya ke turawa da ƙarfi ta cikin siraran hanyoyi ya matse faya-fayan kuloci na ciki, waɗanda fuskarsu wata irin takarda ce da aka manna a ƙarfe, kuma matsewar nan ita ce canjin giya daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku. Shi ne ke shafe ƙarafan, shi ne kuma ke ɗebo zafi ya kai shi lagireto ya huce. Mai ɗaya, aiki huɗu. Idan ya gaza a ɗaya, sauran ukun ba su daɗewa.

Zafi shi ne babban abokin gabarsa, kuma ƙasar Zamfara ba ta rowar zafi. Giyar da ke aiki lafiya, manta yana zama tsakanin digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyos. Injiniyoyin mai suna da wata ƙa'ida ta kimantawa: duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana kusan ninka saurin lalacewar man. A kan kwalta, idan mota ta miƙe da gudu daidai, kwanbata tana kulle kanta, santsin ya tsaya, zafin ya sauka. Inda wuta ke kamawa shi ne tafiyar hankali da nauyi. A ɗauki Hilux da aka ƙera don ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhu 10 masu kilo 100, a loda mata buhu 15 ko fiye na masara ko waken suya daga wani ƙauye a bayan Tsafe, a bi hanyar rairayi a watan Afrilu rana ta haura digiri 40, direba ya bar giya a D yana danna totur. Fankar farko tana gudu, ta biyu tana jan ƙafa, bambancin da ke tsakaninsu kuwa zafi yake zama a cikin man, ga shi babu iskar kirki da ke shiga lagireto saboda motar rarrafe take yi. In an yi rashin sa'a lagireton ya toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka, hanyar hucewar ma ta ragu. A irin wannan wuri, sauke giya zuwa L ko 2, ko saka ƙaramar giyar ƙafa huɗu, yana rage santsin sosai, kuma direbobi da yawa ba a taɓa gaya musu amfanin waɗannan haruffa ba. Duk da haka, man da yake daidai gejinsa kuma bai tsufa ba yana iya shanye irin wannan rana. Wanda ya ragu da lita guda ba zai iya ba.

To yaya ake sanin ya ragu? A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake, kuma kuskure ne na mutanen kirki masu kula da motarsu. Baƙin man inji ana duba shi da safe, inji a kashe, mota a sanyaye. Hannun da ya saba da haka, idan ya ga sandar geji ta biyu, haka zai yi mata. Amma idan aka kashe inji, man da ke cikin kwanbata da tiyoyi da bututun lagireto yana gangarowa ya taru a kwanon ƙasa, sai geji ya nuna cike har ya wuce, alhali da za a tada motar famfo ya kwashe rabonsa, da an ga giɓin. Saboda haka a kusan dukkan a-kori-kura masu geji, inji yana aiki ake dubawa. Sannan man yana kumbura da zafi. Giyar Hilux da makamantanta tana cin kusan lita 10 gaba ɗaya, kuma daga sanyin safiya zuwa zafin aiki wannan adadi yana ƙaruwa da abin da ya kusa rabin lita, wanda shi ne kusan duk tazarar da ke tsakanin zanen ƙasa da na sama a gejin motoci da yawa. Shi ya sa ake samun alamu kashi biyu a sandar, COOL da HOT. Na COOL kimantawa ce kawai, don a san ko akwai man da ya isa a tada mota. Hukunci na HOT ne.

Zafin da ake nema kuwa ba ya samuwa da barin mota tana sulo a ƙofar gida, domin inji yana riga giya ɗumama. Sai an yi tafiya. Littattafan motocin General Motors suna cewa a yi kimanin kilomita 24, kuma wannan ya yi kusa da nisan Gusau zuwa Bungudu a kan hanyar Sakkwato. Direban da ya tashi daga Gusau ba lodi, ya isa Bungudu da gudu matsakaici, giyarsa tana daidai lokacin dubawa. Wanda kuwa ya taso daga Funtuwa da kaya, ya ratso Yankara da Tsafe da Kwatarkwashi da tsakar rana, yana tsayawa a shingayen jami'an tsaro giya a D ƙafa a birki, nasa man ya wuce zafin awo, geji zai nuna masa fiye da abin da ke ciki. Toyota da kanta ta ce a irin wannan hali a bar motar ta huta kamar rabin awa kafin a duba. Sai wurin tsayawa. Gefen titi gangare gare shi, ƙasan gareji da yawa kuma tudu da kwari ne, kuma ɗan karkacewar mota yana sauya abin da sanda ke nunawa. Daɓen siminti na gidan mai ya fi. A ja birkin hannu, a taka na ƙafa, a bi da sandar giya ta kowane harafi daga P zuwa L ana ɗan dakatawa a kowanne don hanyoyin man su cika, a dawo P. Wasu motocin a N ake duba su, littafin motar ko rubutun jikin gejin shi ke raba gardama. A goge bakin bututun kafin a zaro sandar, musamman da hunturu, a share ta da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, ba tsumman da aka goge aksul da shi ba, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul a cikin giya. A mayar da ita har ƙarshe, a sake zarowa, a duba fuska biyu, a ɗauki wadda ta fi ƙasa.

Sandar tana ba da labari fiye da yawan mai. A ɗiga abin da ta ɗebo a kan farar takarda. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo, ana hango takardar ta cikinsa. Idan ya koma ruwan ƙasa amma bai canza wari ba, ya yi aiki, lokacin juye ya matso. Idan ya yi baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama a tukunya, faya-fayan ciki sun soma ƙonewa, kuma ciko ba zai mayar da abin da ya ƙone ba. Ƙananan kumfa a jikin sanda alama ce iska na shiga man. Mafi muni shi ne a gan shi ya yi kauri ya yi fari-fari, kamar an zuba zoɓo a nono. Wannan ruwa ne. Yana shiga ta hanya biyu. Ta farko, bututun man giya da ke ratsa cikin lagireto ya huje, abin da ke saurin faruwa idan ruwan rijiya ake zuba wa lagireto maimakon ruwansa mai maganin tsatsa. Nissan Frontier ƙirar 2005 zuwa 2010 ta yi suna da wannan ciwo a Amurka har kamfanin ya tsawaita garantin lagiretonta, kuma wanda ya sayi irinta ta hannu ya kamata ya san da haka. Ta biyu, ƙetare rafi da damina. Giya tana da ɗan hancin shaƙar iska a samanta, idan ta shiga ruwa da zafinta ta huce farat ɗaya, sai ta zuƙo abin da ke bakin hancin. Ruwa yana saɓule takardar faya-fayan daga ƙarfensu. Motar da ta ratsa ruwa mai zurfi a watan Agusta tana bukatar a zaro gejinta a ranar, ba sai ta soma fizga ba.

Yanzu maganar ciko. Inji yana ƙona ɗan baƙin mai, wannan sananne ne, shi ya sa ƙara masa ba abin tashin hankali ba ne. Giyar otomatik ba ta ƙona nata. Idan ya ragu, fita ya yi, kuma tambayar farko ita ce ta ina. Ko gaskit ɗin kwanon ƙasa ne da dutse ya buga, ko tiyon da ke zuwa lagireto ya tsage, ko silin baya wajen farfela, ko na gaba inda giya ta haɗu da inji. Kwali da aka shimfiɗa a ƙarƙashin mota ya kwana yana nuna wurin, sai dai a lura, fawar sitiyarin Hilux ma jan mai take sha, ɗigon gaba-gaba yana iya zama nata. A motoci masu ƙafa huɗu man yakan sulale ta ciki ya shiga akwatin raba ƙarfi ba tare da ya ɗiga ƙasa ba. Wanda ke ciko duk mako bai nemi ɓarakar ba, ranar da tiyon ya ƙarasa fashewa a kan hanya, cikin 'yan mintuna famfo zai watsar da man duka. Idan kuma za a ƙara, ta bututun gejin ake zubawa da dogon mazurari mai tsabta, kwatan lita, a jira ya gangara, a sake zagaya giyoyin, a sake awo. Akwai masu cewa a zuba ya ɗan wuce, wai ƙari ba ya ɓaci. A nan yana ɓaci. Idan man ya hau ya taɓa ƙarafan da ke juyawa, suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci, ba ta kuma ɗaukar zafi. Mai yawa da mai kaɗan ciwo ɗaya suke haifarwa: iska a inda ake son mai. Wanda ya yi yawa yana ƙara da feshi ta hancin giya, wani lokaci a kan salansa mai zafi.

Sai abin da ake zubawa. A kantin kayan mota, "jan mai" kamar abu ɗaya ne. Jan nan rini ne kawai, ana saka shi don a bambanta man da na inji idan ya ɗiga. Tarihin man kansa ya nuna cewa launi ba ya faɗin komai. General Motors ce ta fito da giyar otomatik ta farko da aka sayar da yawa, Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. A 1967 ta fitar da man Dexron, a shekarar kuma Ford ta fitar da nata Type F. Dukansu ja, amma an haɗa na Ford ya kama kuloci da ƙarfi, na General Motors ya kama a hankali, kuma zuba ɗaya a gurbin ɗaya yana sauya yadda giya ke shiga. Sirrin yana cikin sinadaran da aka cuɗa, waɗanda har farkon shekarun 1970 akwai kitsen wata ƙatuwar dabbar teku a cikinsu kafin Amurka ta hana. Tun daga nan kowane kamfani ya kama hanyarsa. Tsofaffin Hilux masu giya huɗu, wasu Dexron suke sha, wasu Type T-IV, sau da yawa an buga sunan a jikin gejin. Masu giya biyar da yawa, da masu giya shida da suka fito daga 2015, WS suke sha, wanda ya fi T-IV tsinkewa, kuma Toyota ta ce ba a musanya su. Ranger mai giya shida Mercon LV take so. Akwai kuma abin da ya kamata mai saye ya sani game da robobin da aka rubuta wa Dexron III, waɗanda suka fi yawa a kasuwa: General Motors ta daina ba da lasisin wannan suna tun ƙarshen 2006. Wasu kamfanonin kirki suna ci gaba da yin mai a kan wannan tsari, yana kuma da amfani ga tsohuwar giya da fawar sitiyari, amma sunan kaɗai ba shaida ba ne cewa wani ya gwada abin da ke cikin robar.

Za a ce wannan magana ce ta mai kuɗi, kuma ƙorafin yana da tushe. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, man giya na asali yana ciki. Mai a-kori-kurar haya da ke lissafin fetur da taya da kuɗin tasha, idan aka ajiye masa roba biyu ja, ɗaya ta ninka ɗaya a farashi, ba wauta ba ce ya miƙa hannu ga mai araha. Ga kuma jabu, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kamawa a kasuwannin ƙasar nan, har mutum ya biya kuɗin na asali ya tafi da na bogi. Amma lissafin bai ƙare a bakin kanti ba. Ciko lita ɗaya ne ko ƙasa da haka. Juyen kwano lita 2 zuwa 4 ne, ba kowace shekara ba ma. A ɗaya gefen kuwa akwai kuɗin wata giyar ta hannu, wadda ita ma da dala aka shigo da ita, da kuɗin ɗauko ta daga Kano, da ladan bakanike, da kwanakin da motar za ta yi a kan duwatsu a gareji ana tsakiyar kaka, lokacin da ya kamata ta mayar da kuɗin shekara. Giyar hannun ma ba a san tarihin manta ba. Abin da talaka zai iya yi wa kansa shi ne ya sayi roba a rufe da hatiminta daga wurin da zai iya komawa gobe, ya ƙi wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka, ya kuma tsaya a zuba a gabansa.

Sababbin motocin sun zo da wata wahalar: babu geji sam. Direba ya buɗe bonet ya nema ya rasa, sai a ce masa ai wannan giyar a rufe take, ba a taɓa ta har abada. Ba a rufe take ba, awon ne aka mayar ƙasa. A jikinta akwai noti uku, na zubawa a gefe, na juyewa a kwano, da na awo wanda ke da ɗan bututu a tsaye ta ciki. Ana tada inji, mota a miƙe a kan rami, a kwance na awon. Idan mai ya zubo ya koma siriri yana ɗiga, ya yi daidai. Idan ba abin da ya fito, a ƙara ta gefe da ɗan famfon hannu har ya leƙo. Wanda ya rikita notin awo da na juye zai zubar da man, wanda kuma ya juye kafin ya tabbatar na zubawa zai kwantu ya shiga uku. Amma sharaɗi mafi tsauri shi ne zafi. A yawancin waɗannan giyoyi na Toyota ana son man ya kasance a kewayen digiri 40, sama ko ƙasa da kaɗan, littafin gyara na kowace ƙira yana faɗin iyakarta, kuma da kwamfutar duba mota ake gani, ko ta wata dabara da ke sa fitilar gaban direba ta ba da alama. Waɗanda suka tsara wannan sun ɗauka mota za ta tashi da sanyi ta hau zuwa 40. A Gusau a watan Afrilu da Mayu, motar da ke fake a rana da azahar ta riga ta kai nan tun ba a murza makulli ba, minti kaɗan na sulo ta wuce. Idan aka kwance notin a lokacin, man da ya kumbura zai malalo fiye da ƙima, bakanike ya ɗaure yana ganin ya yi daidai, motar ta fita da giɓi. Don haka a bazara wannan aikin sassafe ne, motar ta kwana a gareji, a yi shi bayan asuba. Da hunturu kuma akasin haka, sai an yi haƙuri ta ɗumama, in ba haka ba a cika ta fiye da ƙima. Wannan ilimi ne da ya kamata ƙungiyar kanikawa ta NATA da makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda su riƙa isarwa gareji-gareji, domin kayan aikin ba su fi ƙarfin a haɗa kuɗi a saya ba.

Masu cewa kamfani ya ce man na har abada ne, su duba littafin da kyau. Jadawalin Toyota na Tacoma a Amurka ya ce motar da ke jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi a canza mata man giya a mil 60,000, kusan kilomita 96,000. Abin da can suke kira aiki mai tsanani, shi ne aikin yau da kullum na a-kori-kura tsakanin Bungudu da Nahuce. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan ƙarfi a zukatan masu motoci, cewa wane ya juye man giyarsa, bayan sati biyu ta mutu, don haka kada garin neman gira a rasa ido. Labarin yana faruwa, ba ƙarya ba ne. Amma a tambaya, me ya kai wane gareji tun farko? Galibi giyar ce ta soma jinkirin shiga ribas da safe, ko tana sulɓewa a hawa. Faya-fayanta sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon man ne ke ba su ɗan kamun da ya rage, sabon mai ya wanke shi, ciwon ya bayyana. Darasin da ke ciki shi ne giyar da manta ya yi baƙi yana ƙauri tana bukatar idon gwani kafin a taɓa ta, kuma kada a tura mata injin wanki da ƙarfi. Wadda manta ke ruwan ƙasa tana kuma shiga lafiya, juyen kwano a mayar da daidai abin da ya fita ba ya cutar da ita.

Wasu kuma za su ce a koma manuwal a huta. Ga wanda aikinsa ke can cikin ƙauyukan da babu bakaniken otomatik, wannan shawara ce mai kyau, kuma ba abin kunya ba ne. Sai dai kasuwa ba ta tambayar ra'ayin mai saye: a-kori-kurar da ke fitowa daga Amurka kusan duk otomatik ce, kuma a rairayi ma tana da nata fifikon, tunda ƙarfi ba ya yankewa a tsakiyar canjin giya. Abin da ya kamata mai ita ya riƙe shi ne yadda take kwanciya idan ta kwanta. Ba a tura ta ta tashi. Ba a kuma ɗaura mata igiya a ja ta nesa tayoyin baya a ƙasa, domin famfonta inji ne ke juya shi, in inji a kashe yake ƙarafan ciki a bushe za su yi ta gudu, sai dai a kwance farfela ko a ɗora ta a kan wata motar. A hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Yankara, wadda hare-haren 'yan bindiga suka sa gwamnatin jiha ta taƙaita tafiyar dare a kanta a 2024, tsayawa a daji ana neman sifana da yamma ba ƙaramin abu ba ne. Haka motocin sintiri na jami'an tsaro da na Askarawan Zamfara, da na asibitoci da ƙananan hukumomi, waɗanda ke aiki a hanyoyi mafi muni, direbobi suna karɓa-karɓa, babu wanda zai iya cewa ga man da aka zuba na ƙarshe. Irin waɗannan motoci suna bukatar ɗan littafi a aljihun gaba, a rubuta rana da kilomita da sunan man da yawan abin da aka ƙara, a kuma rubuta sunan man da fenti a cikin bonet, inda duk bakaniken da ya ɗaga shi, a Tsafe ne ko a Bungudu, zai gani kafin ya aiki yaronsa kanti.